Yadda ake nemo tsoffin bishiyoyi a gandun sarakunan Ingila, da yadda ake auna su ba tare da an tafka shirme ba

Tef ɗin ɗinki na maiɗakina na sata ranar farko da na fita wannan harka, irin wanda tela ke ratayawa a wuya ɗin nan mai santimita 150, na cusa a aljihun jaket na hau jirgin ƙasa zuwa gandun Richmond Park da ke Landan ina ji da kaina. Da na isa gaban wata tsohuwar bishiya da nake son aunawa sai na tsaya ina kallon tef ina kallonta, ko kwatan cikinta bai kai ba wallahi. Haka na dinga dangwala yatsa ina matsar da tef, in dangwala in matsar, na zagayo na samu mita 6 da ɗoriya, na sake zagayawa na samu 5 da rabi, zagaye na uku kuma wani lissafin daban. Wata dattijuwar baturiya da karenta ta tsaya tana kallona har ta gaji ta ce min a wane tsayi nake awon, na ce tsayi kuma? Toh daga tambayar nan na gane aikin banza nake tun safe. Lambar da ka samu ba ta da amfani in wani ba zai iya zuwa bayanka ya sa tef a daidai inda ka sa ya samu irin taka ba, duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan yake tafiya.

Fara da sanin inda za ka nema

Mutum zai zaci cikin daji mai duhu ake samun manyan tsoffin bishiyoyi, ni ma haka na zata, ashe ba haka bane. A cikin kurmi bishiyoyi rige-rigen neman rana suke, kowacce ta miƙe siririya, kuma da ta isa yanka masu katako sun sare. Waɗanda suka tsufa suka yi teɓa sune waɗanda suka tashi a fili su kaɗai, a gandun da sarakuna da masu sarauta suka killace don farautar barewa, inda ba mai ikon sa gatari sai da izini. Shi yasa in kana Landan ko kusa, wuraren farko sune Richmond Park, Greenwich Park, Windsor Great Park, sai Epping Forest da Burnham Beeches da Hatfield Forest, in kuma ka yi arewa akwai Sherwood kusa da Nottingham.

Ka karanta tarihin wurin kafin ka fita, ko na minti goma ne, don shi zai faɗa maka abinda za ka sa ran gani. Richmond dai Sarki Charles na ɗaya ne ya zagaye shi da katanga mai tsawon mil 8 a 1637, kuma kafin nan gonaki ne da makiyayar talakawa, saboda haka akwai itatuwan oak a ciki da suka girmi katangar kanta, wasunsu za ka gansu a jere kamar an ja layi, wannan tsohuwar iyakar gona ce da ta ɓace ta bar bishiyoyinta. Duk wanda ya taɓa ratsa kufai a ƙasar Katsina ko Damagaram ya ga kukoki tsaye ba gida ko ɗaya ya san wannan karatun, mutane sun tashi bishiya ta zauna tana ba da shaida. Greenwich kuma tun 1433 aka killace shi, amma manyan bishiyoyin chestnut ɗin da ke ciki masu murɗaɗɗen ɓawo a shekarun 1660 aka dasa su zamanin Charles na biyu, kaga nan an san lokacin dashe, wuri ne mai kyau na koyon yadda shekara 360 take kama a jikin itace.

Sai taswira. Ƙungiyar Woodland Trust tana da rajista a intanet mai suna Ancient Tree Inventory, ka buɗe ka matso da wurin da za ka je, za ka ga ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo bishiya ce da wani ya riga ya rubuta, da kaurinta da hotonta. Amfaninta biyu, na farko ka je ka gwada hannunka a kan wadda aka riga aka auna ka ga ko lambarka ta zo kusa, na biyu ka ga inda babu ɗigo, don nan ne aikinka yake. Bayan ita abinda na fi so shine tsoffin taswirorin Ordnance Survey, wato hukumar safiyon Birtaniya, na ƙarni na 19 da ɗakin karatu na ƙasar Sikotilan ya ɗora kyauta a shafinsa, har da na Ingila duka, kuma ana iya jera tsohuwar taswira gefe da gefe da hoton tauraron ɗan adam na yau. Masu safiyon wancan zamanin sukan zana bishiyoyin fili ɗaya bayan ɗaya a cikin irin waɗannan gandaye, in ka ga bishiya a taswirar 1870 da wani abu sannan ka ga ƙaton kai a daidai wurin a hoton yau, toh ka sa alama, akwai magana.

Lokacin fita kuma ni hunturu na fi so, daga Disamba zuwa farkon Maris, sanyi kam zai ci ƙaniyarka amma ganye ya zube, ciyawar nan mai tsayi da ke rufe gindin bishiya ta kwanta, kana hango siffar kututture daga nesa.

Yadda za ka gane ta da ido

Kar ka bi tsayi. Wannan shine kuskuren kowa. Tsohuwar bishiya ta gaske gajeruwa ce mai faɗin gindi, kanta ya ja baya, rassan sama sun bushe sun yi cirko-cirko kamar ƙahon barewa, cikinta ya zama kogo, wani lokacin har mutum uku su shiga su tsaya, ga naman kaza manne a jiki kamar faranti, ga ramukan tsuntsaye da jemagu. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan ta mutu a sare ta a huta, alhali kogon nan ba ciwo bane, tsakiyar itace dama matacce ne, rayuwar tana can a siririn layin da ke ƙarƙashin ɓawo, kuma bishiya ta rage kanta ne da gangan don saiwa ta iya ɗaukar nauyin abinda ya rage. Turawan suna da wata magana cewa oak shekara 300 take girma, 300 tana hutawa, 300 tana mutuwa a hankali.

Akwai wata siffa da za ka yi ta gani musamman a Richmond da Epping da Burnham, kututture gajere mai kauri, a tsayin mita 2 zuwa 3 sai ya yi wani dunƙulallen kai, daga nan manyan rassa su fito tare kamar yatsun hannu. Wannan aikin mutane ne, da can ana sare rassan a wannan tsayin duk bayan wasu shekaru don itacen girki da abincin dabbobi, a sama yadda barewa da shanu ba za su kai ga sabon toho ba. Kusan abinda makiyayi ke yi wa gawo da rani ne in ya hau da adda ya sassaro wa tumaki. Irin waɗannan sukan fi sauran daɗewa, kuma sukan fi tsufa fiye da yadda kaurinsu ke nunawa, don duk sara yana rage musu saurin girma. In ka ga wannan siffar ka rubuta, bayani ne mai nauyi.

Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai hannunka. Abinda muke cewa gaba, irin na rijiya gaba goma, wato ka ware hannu biyu daga yatsa zuwa yatsa, Turawan ma da shi suke fara tantancewa, sai dai su runguma suke ce masa kuma suna lissafa shi mita 1.5. Oak da ta kai gaba uku ta cancanci ka tsaya ka fito da tef, beech gaba biyu, amma ƙananan jinsi kamar hawthorn ko birch ko gaba ɗaya ba sa kaiwa kuma sun tsufa tukuf a nasu jinsin. Shi yasa sanin sunan bishiya yake gaba da awo, in baka sani ba ɗauki hoton ganye da ɓawo da 'ya'yan da suka zubo a ƙasa, akwai manhajoji irin su iNaturalist da za su taimaka.

Kayan aiki

Tef mai laushi na magina mai mita 20 ko 30, wanda ake naɗewa da hannu, banda na ƙarfe don ba ya lanƙwasa yadda ake so kuma zai yanke ka. Sanda mai tsawon mita 1.5 daidai, ko kuma wancan tef ɗin telan da na raina, ashe nan ne amfaninsa don tsawonsa kenan cif. Ƙaramin littafi da fensir, biro yana ƙin rubutu in takarda ta jiƙe kuma a ƙasar nan sai ta jiƙe. Waya mai caji. Takalmi mai rufi da dogon wando. Sai mutum na biyu, wannan ya fi duk sauran, ni ƙanina nake ja in ya samu hutun aiki, da alkawarin zan sai masa shayi. Kar ka zo da ƙusa ko wani abin sokawa don maƙale bakin tef, ba a huda su.

Awon kauri, nan ne aikin yake

A Birtaniya ana auna zagayen kututture a tsayin mita 1.5 daga ƙasa. Ka riƙe wannan da kyau don ba ko'ina haka yake ba, masu aikin gandun daji a yawancin Turai mita 1.3 suke, Amurkawa kuma ƙafa 4 da rabi wato kusan mita 1.37, kuma a bishiyar da gindinta ya baje wannan 'yar tazarar tana iya canza lamba sosai. In za ka kwatanta lambarka da ta wani sai ka fara tambayar a ina ya sa tef.

Ka fara zagaya bishiyar sau ɗaya hannu a aljihu, kana duba inda ƙasa ta fi tudu, inda akwai kumburi, inda reshe ya fito. Sannan ka tsaya ta gefen da ƙasa ta fi tudu, ka jingina sandarka a jikin kututture, saman sandar shine layinka. Abokin tafiyarka ya danne sifirin tef a nan da yatsa kar ya motsa, kai kuma ka zagaya da sauran kana jan shi yana kwanciya a jikin ɓawo. In ka dawo inda ka fara kar ka karanta tukuna, ka sake zagayawa kana duba tef ɗin, don kusan kullum ta bayan bishiya ya zame ƙasa ko ya murɗe ko ya hau kan wani ɗan reshe, ni sai in ji ƙanina yana cewa "Yaya ka yi sauri hannuna ya ƙage", in ce masa yi haƙuri ɗan'uwa saura kaɗan, tef ya sauka ta nan. Ka ja shi ya ɗame amma ba ja na faɗa ba, kuma kar ka tura shi cikin kwarin ɓawo ko cikin bakin kogo, a bar shi ya tsallake kamar gada. Ka karanta har santimita, ka rubuta, ka kwance tef gaba ɗaya ka sake daga farko. In awo biyu sun sha bamban da fiye da 'yan santimita ka yi na uku, kuma mafi ƙanƙanta yawanci shine mai gaskiya, don duk kuskuren tef ƙara lamba yake, karkacewa ko sako-sako ba sa taɓa rage ta.

Toh amma tsoffin bishiyoyi ba sa zuwa a miƙe kamar falwaya, nan ne ake rabuwa da masu gaggawa. In a daidai mita 1.5 akwai ƙaton kumburi, ko rassa sun fara buɗewa, sai ka sauko ka nemi inda kututturen ya fi tsukewa tsakanin ƙasa da mita 1.5, ƙugunta kenan, ka auna a nan, sannan ka auna tsayin wurin daga ƙasa ka rubuta, misali mita 5.42 a tsayin santimita 90. Lambar farko ba tare da ta biyu ba shirme ce. In bishiyar ta rabu biyu tun ƙasa da mita 1.5 haka za ka yi, ƙasa da rabuwar inda ya fi siranta, in kuma tun daga ƙasa ta fito da kututture da yawa toh ka auna manyan ɗaya-ɗaya ka rubuta cewa masu yawa ne, kar ka haɗa su a tef ɗaya ka zo kana cewa ka samo wadda ta fi kowacce a Ingila. In ta karkace, ka bi jikinta da sandar maimakon ka miƙe sama, tef ɗin kuma ya yanke ta a gicciye kamar yadda za ka yanka rake, ba ya bi shimfiɗar ƙasa ba. In ta faɗi tana kwance, ka ƙirga mita 1.5 daga inda saiwa ta fara, in tef ba zai shiga ta ƙasa ba ka auna rabi ka ninka ka rubuta cewa kiyasi ne. A Greenwich akwai wadda suke kira oak ɗin Sarauniya Elizabeth, ta daɗe da mutuwa tana tsaye sai a 1991 ta faɗi, har yau gawar tana kwance a wurin an kewaye ta, je ka gani amma daga bayan shinge.

Wani abin haushi shine tsiron nan mai nannaɗe bishiya da suke kira ivy, wani lokacin jijiyarsa ta kai kaurin hannu. In za ka iya zura tef ta ƙarƙashinsa ka zura, in ba zai yiwu ba ka auna da shi ka rubuta cewa da shi aka auna. Kar ka yanke, ba gonarka bace.

In kana son faɗin kututture daga gefe zuwa gefe sai ka raba zagayen da 3.14, bishiya mai zagayen mita 6.28 faɗinta mita 2 kenan.

Tsayi

Gaskiya a tsoffin bishiyoyi tsayi ba shi da nauyi kamar kauri, amma tunda ka zo ka ɗauka. Dabarar inuwa da aka koya mana a firamare, ka auna inuwar sanda ka auna inuwar bishiya, tana aiki a Sakkwato, a Landan kuwa sai ka wuni kana jiran rana. Ga wadda ba ta buƙatar rana. Ka samu miƙaƙƙen kara, ka miƙe hannunka gaba sosai, ka riƙe karan yadda abinda ya fito saman hannunka ya yi daidai da tazarar idonka zuwa hannun, za ka gane haka in ka kwantar da shi ya taɓo gefen idonka, a hankali dai kar ka tsone. Sai ka tsayar da shi, ka rufe ido ɗaya, ka yi ta ja da baya har saman karan ya yi daidai da ƙololuwar bishiya, saman hannunka kuma ya yi daidai da gindinta. Daga inda kake tsaye zuwa gindin shine tsayinta, sai ka ja tef. Ka dinga waiwaye kana ja da bayan nan, na taɓa zama daɓas a cikin kashin barewa.

In kana da manhajar auna kusurwa a waya, ka tsaya a fili mai lebur ka auna tazararka da gindi, a ce mita 30, ka saita gefen wayar zuwa ƙololuwa ka karanta, a ce digiri 35. A kalkuleta ka danna maɓallin tan na 35 zai ba ka 0.70, sau 30 ya zama mita 21, ka ƙara tsayin idonka daga ƙasa, a ce 1.6, ka samu mita 22.6. Matsalar duka dabarun biyu ɗaya ce, a bishiya mai faɗin kai abinda kake gani kamar ƙololuwa sau da yawa reshe ne da ya miƙo ta wajenka, sai lissafi ya kumbura ya ba ka tsayin da babu shi. Maganin shine ka yi nisa sosai, ka kuma auna daga gefe biyu ko uku. Masu abin da gaske na'urar leza suke amfani da ita, tana ba su nisan ainihin reshen da suka saita da kusurwarsa, su ninka nisan da sin na kusurwar, shi ma maɓalli ne a kalkuleta, wannan ba ruwansa da ko reshen ya karkato. Tana da tsada, ni ban saya ba, kuma ban ga dalili ba in ba gasar tsayi za ka shiga ba.

Faɗin kai kuma mai sauƙi ne, ka tsaya ƙarƙashin bakin reshen da ya fi nisa, abokinka ya tsaya a ɗaya ɓangaren, ku ja tef, sannan ku sake a gicciye, ku haɗa ku raba biyu. Mita 24 da 18 ya zama 21.

Shekarunta nawa

Wannan ce tambayar da kowa zai maka kana naɗe tef, kuma nan ne ake zuba ƙarya son rai. Akwai ƙa'idar wani masanin bishiyoyi Alan Mitchell, cewa bishiyar da ta tashi a fili tana ƙara kusan santimita 2.5 a zagayenta duk shekara, ta cikin kurmi kuma kusan rabin haka. Wato mai zagayen mita 5 a fili, 500 raba 2.5, shekara 200. Yana aiki daidai gwargwado ga bishiya mai ƙarfinta, amma da ta tsufa lissafin ya watse. Ɗauki Major Oak ta Sherwood, zagayenta kusan mita 10 ne, da wannan ƙa'idar shekara 400 za ka ce, alhali kiyasin da ake mata 800 ne zuwa 1,000, don tsohuwa ƙara kaurinta kaɗan-kaɗan ne kuma kanta ya ragu. Ƙirga zobban ciki ma ba zai yiwu ba tunda cikin ya rube ya zama kogo. Don haka in an tambaye ka ka ba da tazara, ka ce tsakanin kaza da kaza, in kuma akwai takardar tarihi da ta faɗi lokacin dashe kamar na Greenwich toh ita ce gaba da tef.

Wanda zai gwada wannan a gida kan kuka ya sani ita nata daban ne, ruwa take ajiyewa a jiki, tana kumbura da damina ta ɗan tsuke da rani, saboda haka dole ka rubuta watan da ka auna kuma in za ka maimaita ka dawo a irin watan, sannan ƙa'idar Mitchell ba ta shafe ta ba sam, masu bincike gwajin kabon suke wa itacenta kafin su faɗi shekaru.

Hattara da kanka, hattara da ita

A Richmond barewa sama da 600 ne ke yawo sake, hukumar wurin ta ce a ba su tazarar mita 50, kuma da kaka daga Satumba zuwa Nuwamba mazan suna cikin barbara ba sa wasa, daga Mayu zuwa Yuli kuma matan na da 'ya'ya a ɓoye cikin ciyawa. Inda barewa take akwai kaska, kuma kaskar nan tana ɗauke da cutar Lyme, ka cusa wando cikin safa ko da za ka yi kama da ɗan ƙauye, in ka koma gida ka duba jikinka. Daga wajen Mayu zuwa Yuli kuma akwai wasu tsutsotsi masu gashi da ke bin jikin oak a jere suna yin sheƙa fara kamar auduga, gashinsu yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje har da sarƙewar numfashi, in ka ga farin abu manne a kututture kar ka rungumi komai, wuce. Ranar iska mai ƙarfi kuma ka zauna a gida.

Ita ma bishiyar ƙafarka tana cutar da ita. Saiwoyin da take sha da su suna kusa da saman ƙasa, yawan tattaki yana danne ƙasar iska da ruwa su kasa shiga, shi yasa aka kewaye Major Oak tun shekarun 1970. A lambun Kew da ke Landan an ga abin mamaki a guguwar Oktoban 1987 wadda ta kayar da bishiyoyi kusan miliyan 15 a Ingila, akwai wata oak da ake kira ta Turner da ke ta fama kafin nan, iska ta ɗaga ta da saiwarta ta sake dire ta, maimakon ta mutu sai ta farfaɗo, don ƙasar da ta danƙare ta samu ta saki, daga nan ma'aikatan suka fara sassauta ƙasar gindin tsoffin bishiyoyinsu da gangan. Saboda haka in an sa shinge ko an jibge matattun rassa kewaye da gindi, ba ado bane, kar ka tsallaka don awo, ka ɗau hoto ka yi kiyasi daga nesa. In babu shinge ka shiga ka yi aikinka ka fita, banda hawa, banda shiga kogo don hoto.

Rubutawa da turawa

Kafin ka bar gindin ka tabbatar littafinka yana da kwanan wata, jinsin bishiya, zagaye da tsayin da aka auna shi, siffarta ko miƙaƙƙiya ce ko wadda aka saba sare wa kai ko mai kututture da yawa, tana raye ko ta mutu, tana tsaye ko kwance, akwai kogo, akwai naman kaza. Wurin da take ka ɗauka da wayarka kana manne da kututture, amma ka sani ƙarƙashin rassa waya takan yi kuskuren mita da dama, don haka ka ƙara bayani irin na mutane, kaza daga ƙofa kaza, hagu da tafki. Hoto aƙalla uku, ɗaya daga nesa duk bishiyar ta fito, ɗaya na kututture da mutum tsaye a gefe don a ga girma, ɗaya kuma da tef ɗin a jiki yana nuna layin da ka bi, wannan na ƙarshen shi ne wanda mai zuwa bayan shekara 20 zai yi maka addu'a a kansa.

In ka dawo gida ka buɗe asusu a shafin Ancient Tree Inventory, ka duba da kyau ko wani bai riga ka ba, ka sa ɗigonka ka cike bayanan. Akwai masu sa kai da ke bi suna tantancewa, su ne za su sa ta a aji, ko tsohuwa ce tukuf, ko mai alamun tsufa, ko dai fitacciya ce kawai a unguwarta. In kana ganin girmanta ya kai na gasa a jinsinta akwai wata rajistar daban mai suna Tree Register da ke riƙe da zakarun Birtaniya da Ayalan. Sai dai kar ka ɗauka shiga rajista kariya ce ta doka, a Afrilun 2025 an sare wata tsohuwar oak mai zagayen kusan mita 6 a Whitewebbs Park da ke Enfield a arewacin Landan, aka yi ta hayaniya bayan aikin gama ya gama. Abinda ke hana sara shine odar kariya daga ƙaramar hukuma, kuma kowa na iya rubuta wa jami'in bishiyoyinsu ya nema, in ka haɗa da awonka da hotunanka takardar ta fi nauyi.

Waccan ta ranar farko na koma mata da tef na gaske da ƙanina, kumburi ne ashe ya zauna mata daidai ƙirji ta gefen tudu, muka sauko muka samu ƙugun a santimita 110, muka auna sau uku, biyu suka zo ɗaya na ukun ya ɗara da santimita 2, na rubuta ƙaramar. Tef ɗin ɗinkin kuma na mayar cikin gwangwanin zare kafin a farga, sai dai laka ta tona min asiri.